Kullin saiwa ba tsutsa ce ta gina shi ba

Abin nan ya dade yana damuna, mutane da yawa in suka tumbuke tumatir suka ga saiwarsa duk kulli-kulli sai su ce nematod, wata mitsitsiyar tsutsa ta cikin kasa, ce ta gina gidanta, ita kuma shuka tana nan dai ana cinta bata tabuka komai. Ba laifinsu bane, haka ido yake gani.

Amma kullin nan jikin shukar ne da kanta. Tsutsar tana da wani siririn tsinke a baki, dashi take huda saiwa ta zuba miyau, shi miyan ne ke kunna wasu kwayoyin halittar gado na shukar ya kashe wasu, sai 'yan sel kadan, wato kananan kwayoyin da suka hada jikin shuka, su yi ta kumbura su zama manya-manya suna tara mata abinci, naman gefensu ya taso ya zama kulli.

Kuma shuka tana fada. Akwai tumatir mai kwayar gado da ake kira Mi-1, da ya gane tsutsa ta shigo sai ya kashe sel din da ke kewaye da kan tsutsar, ta rasa abin tsotsa. Matsalar dai in zafin kasa ya wuce digiri 28 kariyar tana raunana.