Tasha biyu, suna ɗaya: yadda na ja akwati a Abisko

Kun dai san ni da iyayi. Da Yaya ya kawo shawarar mu raba hutun nan gida biyu a Suwidin, rabi a birni, rabi a can ƙuryar arewa inda ake ganin koren hasken nan na sama, ni na yi caraf na ce a bar min tsarin. Na zana shi a takarda har da jan biro: kwana 4 a Sitokhom, jirgin ƙasan dare zuwa Abisko, kwana 3 a can, mu juyo. Kuskuren yana cikin layin farko, amma ban gan shi ba sai da ya zama kilo 23 a hannuna.

Duk mai son haɗa birni da daji a tafiya ɗaya, ya fara da dajin. Na farko, sayayya a birni ake yin ta, in ka fara da birnin sai ka yi dakon tsarabarka zuwa inda babu mai buƙatarta. Na biyu, jirgin ƙasan arewa yana iya makara a lokacin sanyi, to gara makarar ta ci maka yinin yawon gari, da ta ci maka jirgin saman komawa gida. Duk wannan na san shi yanzu. A lokacin kuwa ina Gamla Stan, tsohon garin Sitokhom, ina cika akwati da jajayen dawakin katakon nan da ake kira Dala, guda shida, saboda kowa ya ce kada a manta da shi. Na kuma sayi takalmin fata mai santsin ƙasa, na ce da shi zan yi hoto. Mun leƙa gidan da aka ajiye Vasa, jirgin ruwan yaƙin da ya nutse a 1628 a fitarsa ta farko tun bai bar gaban gari ba, saboda samansa ya fi ƙasansa nauyi, sai a 1961 aka tsamo shi. Ku riƙe wannan, Yaya zai dawo da shi.

Jirgin dare ba shi da laifi. Awa 17 ne ko kusa da haka, ka kama gado ka kwana, gari ya waye kana tsakiyar farin daji. An wuce garin Kiruna, saura kusan kilomita 100. Ni tun daga nan na saka takalmin fatar, na tsaya bakin ƙofa da akwati kamar wanda za a gudu a bari.

Abin da ban karanta da kyau ba shi ne, Abisko tasha biyu ce. In ka taho daga Kiruna, ta farko Abisko Östra, wato ta gabas, inda ƙauyen yake. Ta biyu Abisko Turiststation, bakin gandun dajin, inda hanyar ƙafar nan ta Kungsleden take farawa. Tsakaninsu kamar kilomita 2 ne. Masaukinmu yana ta biyun. A jikin tikitin ma an rubuta. Ni dai ina jin lasifika ta ce “Abisko” ban tsaya jin sauran ba.

“Yaya, tashi, mun zo!”

“Ka tabbata, ƙane?”

“Haba Yaya, wa ya tsara tafiyar nan?”

Muka dira. Ƙofa ta rufe. Ta taga na hango duk masu manyan jakunkunan goyo suna zaune abinsu ko motsi ba su yi ba, wani ma yana kallona yana tauna tuffa. A nan jikina ya fara ba ni. Jirgi ya ja, ya tafi da su inda ya kamata mu je, minti kaɗan a gaba.

Na ciro waya in duba taswira. Cajinta ya fi rabi da muka sauka. Na cire safar hannu, na buɗe, na ga ɗigon da yake nuna mu, na ga na masaukin can gefe, sai allon ya yi baƙi. Allon tashar kuwa yana nuna digiri 22 ƙasa da sifili. Batirin waya ba ya jure irin wannan sanyin, shi ya sa ake ajiye ta a aljihun ciki, jikin ƙirji, a ciro a duba a mayar. Tawa tana aljihun waje tun Kiruna. Ta Yaya tana cikin rigarsa da ranta, amma bai ce komai ba, ya bar ni ina ta hura mata iska kamar mai hura gawayi.

Kilomita 2 ai ba tafiya ba ce, in ji ni. To tayar akwati an yi ta ne don daɓen filin jirgi. A dusar ƙanƙara taku goma take yi ta cushe, ta daskare, daga nan ba ja kake ba, huɗa kake. Na waiwaya na ga na bar kunya a bayana miƙe sambal, saura iri kawai. Ga shi na saka rigar auduga a jikin fata, sannan na jibga riguna uku da katuwar kwat a kai. Auduga tana shan gumi ta riƙe, da ka tsaya hutawa sai ta zama ƙanƙara a bayanka. Ulu ake sawa a ciki, sai mai ɗumi a tsakiya, sai mai tare iska a waje, kuma in za ka yi aikin ƙarfi ka rage ɗaya tun kafin gumin ya zo. Ni sama buhu, ƙasa takalmin biki.

Faɗuwar farko ban ƙirga ta ba, gwiwa ce kawai. Ta biyu ce abin magana. Wata 'yar gangara ce da ba ta kai a kira ta gangara ba. Ƙafar dama ta yi gaba, ta hagu ta ce ita ma ba za a bar ta ba, na ga sama, na ga akwati ya wuce ni, na ji zif ɗinsa ya yi ƙara. Ina kwance rigingine, rigunan sun hana ni lanƙwasa, ina ta wutsil-wutsil kamar kunkurun da aka kifar, dawakin Dala kuma sun bazu a kan farar ƙasa, ja-ja-ja, kamar an buɗe musu barga. Yaya ya tsaya a kaina, ya gyara hularsa, ya ce, “Vasa ke nan. Ko ita sai da ta ɗan yi nisa.”

Sai ga wata tsohuwa. Har yau ita ce ke min ciwo, ba faɗuwar ba. Ta taho a kan abin da suke kira spark, wata kujera ce a kan dogayen ƙarafa biyu, mutum ya tsaya a baya yana tunkuɗa ƙasa da ƙafa ɗaya. Ta kai sa'ar kakarmu. Ta tsaya. Ba ta yi dariya ba, da ta yi ma da na ji sauƙi. Ta dubi fuskata, ta dubi takalmin, ta daɗe a kan takalmin, sannan ta sunkuya ta tsince dawakin ɗaya bayan ɗaya tana karkaɗe musu dusa kamar ta san iyayensu. Ta ɗaga akwatin da na yi rabin awa ina kokawa da shi, ta ɗora a kujerar, ta yi gaba. Muka bi ta a baya kamar 'yan rakiyar amarya. Na yi mata godiya da Turanci, na yi da kalma ɗayar da na iya a yarensu, ta ce “ja” kawai, wato “e” a yarensu. Da muka isa ta sauke, ta nuna takalmina da yatsa, ta girgiza kai sau ɗaya, ta juya. Sau ɗaya tak! Ni da na rubuta tsari da jan biro.

Ina shiga ɗumin masaukin gilashin idona ya yi fari fat da tururi. Na tsaya na yi gaisuwa mai kyau, na faɗi sunana da lambar ɗakin da muka kama, sai da Yaya ya juya ni ta kafaɗa. Rigar sanyin wani na ke yi wa bayani, a rataye.

Kwana ukun dai na yi daidai a kansu, a ba ni wannan. Hasken ba ya zuwa da alƙawari: sai da duhu, sai sama ta washe, shi ya sa daga Satumba zuwa Maris ake nemansa, kuma dare ɗaya caca ne. Daren farko gajimare. Na biyu muka hau kujerar igiya zuwa saman dutsen Nuolja, muka ga gajimaren daga kusa. Na uku na ce bari in ɗan miƙe bayana na minti goma. Yaya ya rantse ya tashe ni har sau biyu na ce masa ya kashe fitila. Hotunan suna wayarsa, kore shar a kan tafkin Torneträsk, kuma ya ce a ido bai kai haka kore ba, wai don ya rage min zafi.

Dawakin biyar ne suka iso gida. Wanda bai samu nasa ba ya san kansa, ya yi haƙuri, ko dai yana ƙarƙashin dusa ko yana kan tagar tsohuwar nan.