Shang Tsung da Quan Chi fa, ina aka bar su?

Malam marubuci, ka ce miyagun wasannin bidiyo ba sa haɗa baki don ƙwace mulki, kowa tasa ta fisshe shi. A nan kam ban yarda da kai ba.

Ka duba Mortal Kombat: Deadly Alliance na shekarar 2002. Mu da muka buga shi a PS2 a shagon gem na unguwarmu, janareto na ruri, mu biyar muna jiran layin fad (abin riƙewa a buga wasan) biyu, ba za mu manta da bidiyon farko ba. Matsafa biyu ne suka zauna suka ƙulla. Quan Chi na riƙe da layar Shinnok, wani mugun abin bauta a labarin wasan, ya kuma gano rundunar tsohon sarki Onaga da aka binne. Shang Tsung shi ya iya sarrafa rayuka, zai zuba su a jikin matattun sojojin su tashi. Ɗaya ba zai iya ba sai da ɗaya. Suka fara da kai wa Shao Kahn, sarkin duniyar Outworld, hari bayan sun yi masa mubaya'ar ƙarya, sannan suka karya wuyan Liu Kang, jarumin wasan. Wallahi ranar shagon tsit ya yi, wani yaro har da hawaye.

Na san za ka ce ai a Mortal Kombat: Deception na 2004 sun juya wa juna baya bayan sun kayar da Raiden, mai kare duniyar mutane. Gaskiya ne, sun gwabza, Quan Chi ya yi nasara kafin Onaga ya shigo. Amma wannan faɗan rabon ganima ne, ya zo bayan sun riga sun gama da Liu Kang tare.