Titin I-375 na Detroit: Cike rami kaɗai ba zai biya bashin ba

A birnin Detroit na jihar Michigan da ke Amurka akwai wani guntun titi mai suna I-375, wanda tsawonsa bai kai kilomita 2 ba. Ya ɓalle daga babbar hanyar I-75, ya gangara kudu cikin ramin da aka haƙa masa, ya bi ta gefen unguwar Greektown, ya ƙare a titin Jefferson, dab da bakin kogi. Kafin direba ya gyara zama ya fita daga cikinsa.

A shekarar 1956 Shugaba Eisenhower ya sa hannu a kan dokar gina manyan hanyoyi, inda gwamnatin tarayya ta ɗauki kashi 90 cikin 100 na kuɗin. Da aka zo zaɓen inda hanya za ta ratsa a Detroit, sai aka ja layi a kan titin Hastings, zuciyar unguwannin Black Bottom da Paradise Valley. Nan ne baƙar fata 'yan ci-rani daga kudancin ƙasar suka tare, domin sauran unguwanni an hana su haya. Da guminsu suka kafa shaguna da otal-otal da wuraren ibada. Ɗan dambe Joe Louis a nan ya tashi, haka ma Coleman Young, baƙar fata na farko da ya zama magajin garin. Cocin New Bethel, wanda mahaifin mawaƙiya Aretha Franklin yake jagoranta a lokacin, a kan Hastings yake kafin rusau ya tashe shi. A 1964 aka buɗe titin I-375. Yawancin waɗanda aka kora 'yan haya ne, diyya kuwa mai gida ake ba wa.

A 2022 gwamnatin tarayya ta ware dala miliyan 104.6 don a cike ramin a mayar da shi titin cikin gari, sannan a 2025 hukumar sufuri ta jihar ta dakatar da aikin saboda tsada da ƙorafin jama'a. Ina goyon bayan a cike shi. Hanyar ta tsufa, kuma ta raba tsakiyar gari da unguwannin gabas.

Amma ba a nan gizo ke saƙar ba. Idan aka cike ramin, fili mai tsada zai fito a tsakiyar birni, kuma abin da ya dame ni shi ne hannun wa zai shiga. In dillalan gidaje suka wawashe shi suka gina benaye masu tsadar haya, an sake korar mutanen nan karo na biyu ke nan. Kamata ya yi tun kafin a zuba tifa ɗaya ta ƙasa a rubuta a doka kason da za a ba jikokin mutanen Hastings, na gidaje masu sauƙin haya da na shaguna. Da yawansu suna nan cikin Detroit, wasu ma sun riƙe lambar gidan kakanninsu har yau.