Wasanninmu ma sun cancanci gida

Duk wanda tafiya ta kai shi Budapest, babban birnin Hangari, ina ba shi shawara ya ware yamma ɗaya ya leƙa gidan adana injinan fimbol. Na san wani zai ce, haba Malam, ka keta hazo don kallon kayan wasan yara? Ku saurare ni tukuna.

Fimbol akwati ne mai rufin gilashi da ya ɗan karkata, ana harba ƙwallon ƙarfe a ciki, kai kuma kana tare shi da 'yan filafilai biyu don kada ya zurara rami. An buɗe gidan a 2014, a ƙarƙashin ƙasa, kuma injinan da ke ciki sun haura 100. Abin da ya kama ni shi ne ba a hana taɓawa. Kuɗin shiga kawai za ka biya, ka buga wanda ranka ya so har hannunka ya gaji. Na ga wani dattijo yana nuna wa jikarsa injin zamanin samartakarsa, yarinyar tana ihun murna, shi kuwa fuskarsa ta cika da annuri.

Masu cewa ai caca ce, ba su faɗi banza ba. A 1942 magajin garin New York, Fiorello La Guardia, ya haramta fimbol bisa wannan zargi, har aka riƙa farfasa injinan da guduma. A lokacin babu filafilai, sa'a ce zalla. Kamfanin Gottlieb ne ya shigo da su a 1947, a injinsa mai suna Humpty Dumpty, daga nan ƙwarewa ta shigo wasan. Haramcin bai tashi ba sai a 1976, bayan wani gwanin wasan mai suna Roger Sharpe ya buga a gaban majalisar birnin, ya faɗi inda ƙwallon zai bi, ya kuma bi ta nan. A gidan da na shiga babu mai cin kuɗin wani.

Amma ni ba fimbol nake so a kawo mana Kano ba. Abin da ya tsaya min a rai shi ne mutanen nan sun ɗauki nishaɗinsu da muhimmanci, suna gyara injin da ya girmi iyayensu don jikoki su ji daɗinsa. Mu fa? Ina langa? Ina carafke? Yaro nawa ne a Fagge ko Gwammaja zai iya haɗa motar kara yau? Dara ta koma hannun tsofaffi a gindin bishiya, duk wanda Allah ya karɓi ransa ya tafi da dabarunsa. Wallahi abin yana damuna, domin a dandali muka koyi haƙuri da lissafi da yadda ake karɓar kaye ba tare da faɗa ba.

A Kano muna da gidajen tarihi: muna da Gidan Makama, muna da Gidan Ɗan Hausa. A kafa rumfa a harabar ɗaya daga cikinsu, a haƙa gurabun dara, a kawo kara da tsakuwa. Duk Asabar a ɗauko dattawan unguwa da iyayenmu mata masu waƙoƙin gaɗa, a ba su ɗan ihsani, makarantu su kawo ɗalibai su zauna a ƙasa su buga da hannunsu. Idan an fara, ni da 'ya'yana muna sahun farko.