Facin Taya Ɗaya, Amincewa Buhu Guda

A ofishinmu, wanda yake rarraba takin zamani da irin shuka ga dillalai a Kano da Jigawa, duk ma'aikacin da yake buƙatar kuɗin aiki sai ya cike takarda, masinja ya kai wa Alhaji mai kamfanin ya sa hannu, sannan ta sauko wurin akanta. Da yake Alhaji mutum ne mai yawan tafiya, takarda tana iya daɗewa a kan teburinsa har mai neman kuɗin ya manta abin da ya nema. Ni ne aka sani da ilimin kwamfuta a wurin, wato ni ake kira idan firinta ta haɗiye takarda, saboda haka da aka zauna taro don neman mafita sai idanu suka juyo kaina, ni kuma na gyara zama na ce ai abu ne mai sauƙi.

Kamfanin yana biyan kuɗin manhajojin Microsoft, kuma a cikinsu akwai Power Automate, wadda ta fito a 2016 da sunan Flow kafin a sauya mata suna a 2019. Daɗinta shi ne ba sai mutum ya iya rubuta shirin kwamfuta ba. Akwatuna kawai yake jerawa daga sama zuwa ƙasa, na farko shi ne makunni da yake tayar da aikin, sauran kuma matakai ne da suke bin juna, kuma duk silsilar tana gudana ne a na'urorin Microsoft a intanet, ko kwamfutarka tana kunne ko tana kashe. Wannan batu na ƙarshe na yi ta alfahari da shi a taron, har na maimaita shi.

Na gina silsila uku masu haɗe da juna. Babbar, wadda ita ce uwa, tana zaune tana kallon wani jadawali a SharePoint, wato ma'ajiyar bayanai ta Microsoft a intanet, da zarar wani ya shigar da buƙata sai ta rubuta "Ana jira" a gabanta ta kira 'ya'yanta biyu. Ta farko tana aika wa Alhaji saƙon neman amincewa a wayarsa, ta biyu kuma, idan ya amince, tana tura wa akanta imel cewa a biya. A muhallin gwaji komai ya tafi kamar an shafa mai. Na tattara su a ƙunshi guda, domin uwa ba ta iya kiran 'ya sai suna cikin ƙunshi, na fitar da shi na shigar a muhallin aiki na gaske, inda a nan ne suka fara nuna hali. Uwar ta ƙi kunnuwa sai an fara kunna 'ya'yan, 'ya'yan kuma suka ƙi motsi sai an nuna musu asusun Microsoft da za su yi aiki da shi, na ba su nawa ba tare da dogon tunani ba. Tunatarwar da na saita ƙarfe bakwai na safe ta riƙa zuwa ƙarfe takwas, domin manhajar tana bin agogon duniya, wanda Najeriya ta wuce shi da awa ɗaya. Duk waɗannan na gyara su, na ƙara jin kaina.

Ranar Alhamis da yamma, ana shirin tashi, akanta ya leƙo ya ce yana da 'yar shawara. Idan ma'aikaci ya yi kuskuren adadi ya koma ya gyara, ya kamata a sake tura wa Alhaji buƙatar. Magana ce mai hankali, kuma gyaran bai wuce sauya makunni ɗaya ba, daga wanda yake tashi idan an shigar da sabon abu zuwa wanda yake tashi idan an shigar ko an gyara. Da na adana, wani gargaɗi ya bayyana a gefen allo yana maganar zagaye marar iyaka, amma da yake gargaɗi ne kawai, bai hana ni adanawa ba, kuma ga magariba ta kawo kai, sai na bar shi a matsayin ra'ayinsa.

Direbanmu ne ya buɗe fage. Bayan isha'i ya shigar da buƙatar naira 3,500 na facin tayar motar kaya. Uwa ta gani, ta rubuta "Ana jira", ta kira 'yarta, saƙo ya tafi wayar Alhaji. Bayan 'yan mintuna uwar ta sake leƙa jadawalin, ta tarar an taɓa buƙatar direba, ba ta kuwa da hanyar gane cewa hannunta ne ya taɓa, saboda haka ta sake rubuta "Ana jira", ta sake kiran 'yarta. Haka ta yi ta gano sawun kanta tana bi cikin natsuwa da ladabi, ba gajiya ba ƙorafi.

Alhaji yana Dutse wajen walimar ɗaurin aure. Saƙon farko ya danna amincewa cikin jin daɗi, har an ce ya nuna wa na kusa da shi yadda ofishinsa ya ci gaba. Na biyu ya ɗauka bai danna da kyau ba ne, ya sake dannawa. Daga nan sai ya yanke shawarar cewa hanyar da za a rufe bakin abin ita ce a riƙa amincewa da wuri, kuma duk amincewar da ya yi 'ya ta biyu tana tura wa akanta umarnin biya daga akwatin imel ɗina, da sunana ɓaro-ɓaro, da gaisuwar da na tsara da hannuna mai cewa ina fatan ya wuni lafiya.

Wajen tsakar dare wayata ta yi ƙara.

"Malam, wace irin taya ce wannan? Ta jirgin sama ce?"

"Ranka ya daɗe, taya ɗaya ce, saƙon ne yake maimaita kansa."

"To kashe kwamfutar."

Na yi masa bayani da murya ƙasa-ƙasa cewa kwamfutata a kashe take tun magariba. Ya yi shiru, sannan ya kashe waya. Daga baya na samu labarin ya kira maigadi ya umarce shi da ya sauke wutar ofis gaba ɗaya, maigadi ya cika umarni har da firjin da muke ajiye ruwa, saƙonni kuwa suka ci gaba da sauka a Dutse a kan lokaci.

Na buɗe kwamfuta a tsakar gida, inda sabis ya fi ƙarfi, sauro yana nasa aikin, na kashe uwar. A nan na koyi cewa kashe silsila yana hana sabon zagaye ne kawai, waɗanda suka riga suka tashi suna nan a raye suna jiran amsa, kuma kowanne yana da ikon jira har kwana 30. Shafin tarihin gudana ya cika da su layi-layi. Na bi su ina sokewa har aka kira assalatu, ina addu'ar kada Alhaji ya farka ya ci gaba da amincewa.

Maganin, da na zauna da safe da ido ja, bai kai tsawon layi biyu ba. Akwai wurin sa sharaɗi a jikin makunni, na rubuta cewa kada uwa ta tashi sai gurbin matsayi, inda take rubuta "Ana jira", yana fanko, na kuma tsara cewa mai gyara buƙatarsa ya share gurbin da kansa. Na yi gyaran a muhallin gwaji, na gwada shi da buƙatar ƙarya ta naira ɗaya, sannan na sake fitar da ƙunshin da sabuwar lamba na ɗora a kan tsohon. Asusuna kuma na cire shi daga jikin 'ya'yan, aka buɗe wani na ofis wanda ba shi da fuska balle a gaishe shi a hanya.

Akanta bai biya ko sisi ba, domin a cewarsa tun imel na uku ya gane ko dai an sace asusuna ko kuma na samu matsala, kuma ya fi karkata ga ta biyun. Direba kuwa ya zo har teburina ya tsuguna, ya ce shi ba ya son rigima, amma ya ji an ce Alhaji da hannunsa ya amince masa sau da yawa, kuma a iya saninsa maganar babba ba ta tashi. Na tura shi wurin akanta. Alhaji ya dawo ranar Asabar, ya saurari bayanina har ƙarshe, ya ce tsarin ya yi kyau a ci gaba da shi, sai dai daga yau duk buƙatar da na'ura ta tura masa a buga ta a takarda, masinja ya kawo masa ya sa hannu.