Yadda na sayo rana a kasuwa

Akuyar maƙwabta ce ta ja min. Sau biyu tana cinye min irin tumatir da attarugu a tsakar gida, sai na ce to bari in kai shukar inda ko ƙafarta ba za ta taka ba, wato ɗan shagon da ke zaurenmu nan Ƙofar Marusa. Na ga wani bidiyo a waya, Turawa na reno a cikin ɗaki da fitila, awa 16 haske awa 8 duhu. Maman yara ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Malam, a Katsina? Ranar da Allah ya ba mu kyauta har tana neman kashe mu, ita za ka je ka sayo da kuɗi?" Na ce ke dai ba ki san kimiyya ba.

Na shiga kasuwa na samo ƙwan fitila irin na kan titi mai wat 400, da cok ɗinshi, wato ƙarfen da ke daidaita wutar da ke shiga ƙwan, mai nauyi kamar dutsen niƙa, da kafasita da ɗan abin da ke tayar da shi, sai taima mai araha, irin mai zagaye da ƴan haƙora da ake dannawa, kowane haƙori minti 15. Waya kala uku ce. Ni da farko mai ruwan ƙasa na so in ɗaura a jikin ƙarfe tunda ai sunanta ƙasa, Allah ya sa mai shagon ya ji ni ya ce a'a ranka ya daɗe ita ce mai wutar, shuɗiya abokiyarta. Ta ukun mai kore da rawaya kuwa da na iso gida na ga kamar ta yi yawa, na datse ta. Cok ɗin na ɗora shi kan kwalin taliya a ƙasa, gefen bokitin ban ruwa.

Kwana biyu abu ya tafi sumul, har ina ɗaukar hoto.

Abin da ban sani ba shi ne agogon taimar nan da wuta yake juyawa, in an ɗauke wuta shi ma ya kwanta barci, in an kawo ya ci gaba daga inda ya tsaya. To ku lissafa da irin wutarmu. Na saita shi ya kashe ƙarfe goma na dare, ashe a wajenshi har yanzu la'asar ce. Daren Alhamis wajen ƙarfe biyu aka kawo wuta, ƙwan ya fara ja a hankali yadda ya saba sannan ya gauraye zaure da hasken nan ruwan goro, yana fita ta taga. Sai ji na yi ana dukan ƙofa ana gobara gobara! Na fito daga ni sai gajeren wando, na tarar da mutum biyar da bokitai, mai akuyar ne a gaba. Wallahi tare ƙofar shagon na yi da ƙirjina ina rantsuwa ba wuta ba ce tumatir ne, don da ruwan nan ya sauka kan cok da ba wannan labarin ake ba. Wani dattijo ya leƙa ya ce, "Halan tumatirin makaranta yake zuwa da dare?"

Da safe na juya taima da hannu don ta kashe, ta ƙi. Ga wani ƙauri kamar ana babbaka, kwalin ya yi baƙi ƙirin a ƙarƙashin cok. Na kai hannu in ɗaga cok ɗin, ya fizge ni har gwiwar hannu, na yi salati na zauna cikin tiren attarugu. Volt 230 ba ta san mai gida ba.

Dole na kira Baba mai gyaran wuta. Ya zare fulogi tukuna, ya hana ni taɓa komai, wai kafasita na riƙe wuta ko bayan an kashe. Ya buɗe taimar ya nuna min ƴan ƙarafa biyu sun manne kamar an yi musu walda. Na ce Baba ai amf 16 aka rubuta a jikinta. Ya ce, "Yaro, wannan lissafin hita ne da dutsen guga. Cok in zai tashi fizgar wuta yake da ƙarfi, in zai mutu ya yi tartsatsi, shi ya narkar da su." Ya sa kontakta, wato babban makunni mai jure wuta, a tsakani, taima aikinta kawai ta ba da umarni, kontakta ya ɗauki nauyin. Ya canza min taima mai batir wadda ba ta mantuwa, ya duba fis, ya ɗora cok kan bulo sama da ƙasa nesa da ruwa. Da ya ga guntun wayar da na datse shiru ya yi ya dube ni, ya daɗe yana dubana, sannan ya maida ta jikin ƙarfen, ashe ita ce ainihin wayar ƙasa da ke kare mutum daga fizgar wuta. Kuma ya ce in ƙwan ya mutu kar in dame shi da kunnawa, sai ya huce yake sake kamawa.

Sai kuma mita ta fara nata. Cok ma yana shan rabonshi, duka wajen wat 450, sau awa 16 ya haura yunit 7 ranar da wuta ta zauna. Maman yara ta yi lissafi a bayan kalanda ta ce kuɗin sati ɗaya ya isa mu sha miya da tumatirin Ajiwa har mu ba maƙwabta.

Sati huɗu irin ya yi kyau, na fito da shi tsakar gida ya saba da iska kafin dashe, na shiga in yi alwala. Ina fitowa na gan ta tsaye tana tauna, ko gudu ba ta yi ba.