Abin da ɗan wasa yake yi lokacin da ba shi ne yake magana ba

Shekara huɗu ke nan kusan kowane daren Asabar ina zama da abokai biyar muna buga Dungeons & Dragons, wasan da na fara koya lokacin da nake karatu a Ingila. A cikin waɗannan shekaru na daɗe ina ɗauka cewa gwanintar ɗan wasa tana cikin sanin ƙa'idoji da iya kwaikwayon murya. Yanzu na sauya ra'ayi, kuma ina so in bayyana dalilina, musamman ga waɗanda suka fara sha'awar irin wannan wasa.

Ga wanda bai taɓa gani ba, ga yadda abin yake. Mutane suna kewaye tebur, ɗaya daga cikinsu shi ne jagora, shi yake tsara duniyar labarin, ya faɗi abin da ake gani da abin da ake ji, ya kuma yi magana da bakin duk mutanen da aka ci karo da su a hanya. Sauran kuwa kowa yana da jarumi guda da ya shiga rigarsa, da takardar da aka rubuta ƙarfin jarumin da basirarsa da kayan da yake ɗauke da su. Idan jarumi ya yi niyyar wani abu da zai iya yiwuwa ko ya ƙi, sai a jefa ƙwaya irin ta ludo, sai dai waɗannan akwai mai fuska 4, da 6, da 8, da 10, da 12, da kuma mai fuska 20 wadda aka fi amfani da ita. Ba a sa kuɗi, ba a cin kowa. Gary Gygax da Dave Arneson ne suka fitar da wasan a shekarar 1974 ta hannun kamfanin TSR a garin Lake Geneva na jihar Wisconsin a Amurka, kuma asalinsa daga wasannin yaƙi ne da ake jera ƙananan mutum-mutumin sojoji a kan tebur. Sauyin da suka kawo shi ne, maimakon mutum ya ja runduna ya yaƙi abokin zamansa, sai ya zama mutum ɗaya a cikin tawaga, duk suna tafiya tare.

To, mu yi lissafi. Zamanmu yakan ɗauki awa huɗu, wato minti 240. Jagora shi kaɗai yana cinye kusan rabi wajen bayani da amsa tambayoyi. Idan aka raba minti 120 da suka rage tsakanin mutum biyar, kowa zai tashi da minti 24. Wannan yana nufin cewa fiye da awa uku da rabi na kowane zama ina zaune ne bakina a rufe, wani yana magana. Duk shirin da nake yi a gida, na tarihin jarumina da kalaman da zai furta, na waɗannan mintuna 24 ne, alhali halina na gaskiya a matsayin ɗan wasa yana fitowa ne a sauran lokacin, kuma shi ne ban taɓa yi wa shiri ba.

Abin da ya buɗe mini ido ya faru ne a shekararmu ta biyu. Jagoranmu ya kwashe makonni yana shirya mana wani gari a bakin kogi, har ya zana taswirarsa da hannu a kan farar takarda, ya shafa mata ruwan shayi don ta yi kama da tsohuwa. A daren da muka isa garin, yana cikin yi mana bayanin wata tsohuwa mai kwalekwale da ta gargaɗe mu kada mu ƙetare bayan faɗuwar rana, ni kuwa wayata tana ƙarƙashin tebur ina duba saƙonni. Da layi ya zo kaina sai na ce jarumina zai nemi kwalekwale mu ƙetare yanzu. Ɗakin ya yi tsit. Jagora bai yi faɗa ba, ya dai sake maimaita duk abin da ya faɗa daga farko, amma da murya mara armashi, yana kallon takardarsa. Na ga yadda ya naɗe taswirar nan a ƙarshen zama ya sa a jaka ba tare da ya tambaye mu ko ta burge mu ba, kuma har yau idan na tuna ina jin nauyi a zuciyata. Mu da muka taso da tatsuniya mun san cewa idan aka ce "ga ta nan, ga ta nanku" ba a samu wanda ya amsa "ta zo mu ji ta" ba, labari bai fara ba. Mai sauraro yana da aikin da yake yi, kuma ni na bar nawa a daren nan.

Tun daga lokacin nake barin waya a cikin jaka, na kuma sayi ƙaramin littafi ina rubuta sunayen garuruwa da mutanen da muka haɗu da su da alkawuran da muka ɗauka. Amfanin rubutun ya wuce tunatarwa. Ranar da na ambaci sunan wani maƙeri da muka rabu da shi wata uku baya, na ga fuskar jagoranmu ta washe, domin ya gane cewa abin da ya ɓata dare yana ƙirƙira ya zauna a kan wani.

A fagen faɗa ma haka abin yake. A bugu na biyar na wasan, wanda ya fito a 2014, kowane zagaye na faɗa daƙiƙa shida ne a cikin labari, amma a kan tebur yana iya cin minti ashirin idan kowa sai layi ya iso kansa sannan zai fara buɗe littafi yana neman abin da jaruminsa ya iya. Ya kamata mutum ya yanke shawara tun ana kan na kusa da shi, ƙwayarsa tana hannu, ya san lambar da zai ƙara a kan abin da ƙwayar ta nuna.

Abin da ya fi ba ni wahalar gyarawa shi ne katse mutane. Akwai wata a cikinmu mai sanyin magana, wadda takan ɗan yi shiru tana tunani kafin ta faɗi abin da jarumarta za ta yi. Ni kuma shirun nan yana damuna, sai in cike shi da shawara, in ce ai da kin yi kaza. Ina ganin taimako nake yi, alhali ƙwace mata wasan nake, har ta kai ga idan aka tambaye ta sai ta waiwayo ta dube ni. Da na lura, sai na ɗora wa kaina doka cewa ba zan ba da shawara ba sai an nema, kuma a kowane zama sai jarumina ya juya ya tambayi jarumin wani ra'ayinsa aƙalla sau ɗaya a cikin labari. Ba a yi wata biyu ba ta fitar da mu daga wani kurkuku da dabarar da babu wanda ya hango a cikinmu, ta hanyar shawo kan mai gadi da labarin ɗansa da ta tuna tun zaman baya. Wannan basira tana nan tun farko, surutuna ne ya danne ta.

Ba na kuma karɓar uzurin nan da ake yawan kawowa, wai "haka halin jarumina yake", idan mutum ya sace kayan abokan tafiyarsa ko ya kashe wanda tawaga take ƙoƙarin yin sulhu da shi. Jarumin bai halicci kansa ba, kai ka zaɓa masa halin, kuma kana iya zaɓa masa wani. Mugun jarumi yana iya ƙawata labari idan an yi shawara da kowa tun a zaman farko, wanda ake keɓewa don a daidaita irin labarin da ake so da abubuwan da wani ba ya son a taɓo. Idan ba a yi haka ba, mutum ɗaya ne yake jin daɗi, biyar suna haƙuri da shi.

Fushi da ƙwaya kuwa ba shi da tushe. Ƙwaya mai fuska 20 tana iya faɗowa a kan 1 sau ɗaya cikin ashirin, daidai da yadda take iya faɗowa a kan 20, kuma sau da yawa faɗuwar jarumi ita take haifar da daren da ake daɗewa ana tunawa, in dai mai shi ya karɓe ta ya bayyana mana yadda ƙafar ta zame.

Akwai wani rashin adalci da nake ganin ya ƙaru tun da shirin Critical Role, inda ake nuna wasu suna buga wannan wasa, ya fara fitowa a intanet a 2015. Matthew Mercer, jagoran wasan a shirin, da abokan zamansa ƙwararrun masu aikin murya ne, sana'arsu ke nan. Mutane suna kallonsu sannan su zo su auna jagoransu da wannan ma'auni, mutumin da ya taso daga aiki a gajiye ya zauna ya shirya musu labari kyauta. Abin da ya kamata a lura da shi a shirin shi ne yadda 'yan wasan suke yin tsit suna kallon wanda yake magana, wani lokaci na tsawon mintuna masu yawa, ba tare da sun sa baki ba. Wannan ba ya buƙatar baiwar murya, kowa yana iya koyonsa a zama na gaba.

Har yanzu ina da sauran aiki wajen zuwa a kan lokaci, domin latti na minti talatin yana nufin mutum biyar sun zauna suna jirana, shayi ya huce, jagora kuma dole ya yanke wani ɓangare na abin da ya shirya. Asabar mai zuwa na yi alkawarin isa kafin kowa, in taya shi share tebur da shimfiɗa taswira, kuma na riga na rubuta tambayoyi biyu da jarumina zai yi wa tsohuwar nan mai kwalekwale, domin hanya ta sake dawo da mu garinta.